Randar da Mama Tani Ta Bar wa Inna

Ranar wata Laraba ce gab da azahar, cikin bazarar shekarar da nake aji biyar na firamare, aka turo randar a amalanke har ƙofar gidanmu. Dawowata ke nan daga makaranta. Ƙatti biyu na turawa, na uku ya tallafe wuyanta, an ɗora ta a kan tsohuwar taya an cusa ciyawa ta ko'ina, yara kuma duu a baya. Gidan da ta fito katanga ɗaya ce ta raba mu ta baya, amma ƙofarsa tana wani lungun, don haka sai da aka zagayo da ita ta gaban masallaci da teburin mai shayi da injin niƙa, kowa ya gani. Kuma babu wanda bai gane ta ba. Ta-Zuru ce, babbar randar gidan burkutun Mama Tani, wadda giya ta yi shekara talatin tana kwana a cikinta. Mai amalanken ya yi sallama a zaure, inda kakana, Malam, yake biya wa wasu 'yan kasuwa biyu karatu. Ya ce Mama Tani ce ta aiko a ba Inna. Ranar Asabar za ta bar gari, kuma ba ta da abin da ya fi wannan. Inna ita ce kakata, ita ta riƙe ni tun yaye. Na tsaya da jakar littattafai a kafaɗa ina kallon fuskar Malam. Bai ce a shiga da ita ba, bai ce a mayar ba. Cewa ya yi a sauke ta a gindin dogonyaron ƙofar gida, ya koma kan layin da ya tsaya.

Kafin a gane nauyin wannan aike, dole in faɗi yadda aka yi gidan malami ya haɗa katanga da gidan giya a Sakkwato, don duk wanda na fara ba labarin nan sai ya ce, "Haba dai!" To, ba haba. Bayan an gama yaƙin basasa, mijin Mama Tani, wani tsohon soja mutumin ƙasar Zuru da kowa ke kira Sajan, ya sami aikin gadi a wani sito, ya kuma sami fili a can gefen Mabera. A lokacin, in ji Inna, wurin gonakin gero ne da kukoki, in rana ta faɗi sai kukan dila. Sajan ya yi ɗaki biyu ya gina rijiya. Matarsa ta taho da randa ɗaya, Ta-Zurun nan, daga garinsu a bayan motar itace, ta rungume ta tun daga can har nan don kada gargadar hanya ta fasa ta, kuma da ita ta fara sana'ar da ta gada wurin uwarta. Sai bayan shekara biyu Malam ya fito daga gidan gado na cikin gari, da ya cika ya batse, ya sayi filin da ke bayansu, don nan ne ƙarfinsa ya kai. Shi ya sa duk sanda masu zafin kai suka zo suna zuga shi ya sa a tashi Mama Tani, amsarsa ɗaya ce: "Ba ita ta ishe mu ba, mu munka ishe ta." Gari ya yi ta matsowa har ya haɗiye mu gaba ɗaya. Randa ɗaya ta zama tara, ban da tukwanen dahuwa. Lokacin da na yi wayo mata huɗu ke mata aiki, Sajan kuwa ya daɗe da rasuwa.

Ni rijiyar ce ta sa na san gidan. Famfon unguwarmu ado ne, sai ya yi mako bai yi ko tari ba, rijiyarmu kuma zartsi, sabulu ma ba ya kumfa. Ta Mama Tani kuwa garai-garai, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Sai ta huda wata 'yar ƙofa ta baya daidai bakin rijiyar, ta kafa zana tsakanin rijiyar da sauran gidan, ta rataye guga dabam da igiyarsa a jikin ƙusa. Wannan gugan na maƙwabta ne, ma'aikatanta ba sa taɓa shi, wadda ta kuskura kuwa ranar za ta gane kurenta. Ba wanda ya roƙe ta ta yi haka. Kowace safiya, in na share tsakar gida na ba tumaki abinci, sai na yi sawu huɗu da bokiti kafin in sa kayan makaranta. A nan muke haɗuwa da 'yan matan lungu, mu jera bokitai mu zauna 'yar carafke har a fara ƙwala mana kira daga gidaje. Dokar Inna ɗaya ce, zana ita ce iyaka. Amma zana ai ba bango ba ce, tana da huji, kuma ta hujin nan na ga sana'ar kaf. Ana jiƙa dawa ta kwana, a baza ta a daɓe a lulluɓe da buhuna, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da 'yan fararen gemu, shi ne tsiro. A shanya, a kai niƙa, a dama, a ɗora a manyan tukwane kan murhun da ke cinye itacen jaki biyu a yini. Dahuwa biyu ake yi da kwana a tsakani, sannan a tace a juye a randuna cikin wani ɗaki mai duhu, inda take tashi tana kumfa tana wani ƙara kamar ana raɗa. Ta-Zuru ce a ƙuryar ɗakin, daga cikinta ake ɗiban ɗan abin da ake zuba wa sauran don su tashi. Warin kuwa mu da muka tashi a cikinsa ba ma ji, sai baƙo ya zo ya toshe hanci mu yi ta mamaki.

Kada wani ya ɗauka kwalliya nake yi wa giya. Haramun ce, a kan haka na tashi, a kan haka nake, kuma na ga ɓarnarta da idona. Daga la'asar gidan ke cika: direbobin manyan motoci, leburorin titi, masu gadi, da wasu 'yan gari da ke sulalowa ta lungun baya sun ja hula har gira, kamar mu yara ba mu san takalmansu ba. Akwai faɗa, sai Mama Tani ta shaƙo wuyan rigar ƙato ta wurgo shi waje. Akwai amai a bakin kwata. Akwai matar da nake gani tana zuwa jan mijinta, da goyo a baya, tana kuka. Malam bai taɓa sassauta wa abin a wa'azinsa ba, bai taɓa taka ƙofar gidan ba, magana ma ba ta taɓa haɗa shi da Mama Tani ba. In suka yi kiciɓis a hanya ta rusuna, ya ɗaga hannu, shi ke nan. A makaranta kuma na sha tsiya. In na yi kuskure a lissafi sai wata ta ce, "Ku ƙyale Luba, warin burkutu ya bugar da ita." Na yi dambe a kan maganar nan ya fi a ƙirga. Abin dariya ɗaya ne a ciki, zakaran Inna. In ya bi ta kwata ya ci dusar da aka tace, sai ya dawo yana tangaɗi yana cara da azahar, Inna ta bi shi da tsintsiya tana cewa, "Ɗan banza, ka zubar muna da mutunci!"

Amma tsakanin Inna da Mama Tani wani abu ne dabam. Akwai inda katangarmu ta zaizaye ta yi ƙasa, kusa da madafa. Inna ta kife tsohon turmi a nan, Mama Tani ma ta kife nata a wancan gefen. In rana ta yi sanyi kowacce ta hau nata, kai da kai kawai ake gani, su yi ta hirar ciwon gwiwa da tsadar dawa da 'ya'yan da ba sa aiko wasiƙa. Ta nan tuwon sallah ke haurawa, ta nan barkono da zogale ke haurowa. Mama Tani ba ta taɓa shigowa gidanmu ba. Inna ta yi tayi har ta gaji, ita kuwa sai ta ce ƙafarta na ɗauke da sana'arta, ba za ta taka inda Malam ke shimfiɗa buzu ba. Lokacin da mahaifina ya rasu, ina goye, an ce Mama Tani tana da tsiro a shimfiɗe da dahuwa a kan wuta. Ta sa aka janye itacen, ta rufe gidan kwana bakwai, ta zauna a bakin ƙofa da kanta tana mayar da masu zuwa, don kada a ji shewar mashaya a gidan makoki. Dahuwar ta lalace, tsiron ya yi funfuna aka zubar. Ba ta taɓa ambata ba. Inna kuwa ba ta taɓa mantawa ba, ko a tsakiyar wata hirar sai ta tsaya ta ce, "Tani ta kashe wutarta don ɗana."

Gidan ya fara mutuwa tun kafin a rufe shi. Giyar kwalba ta janye masu ɗan hali, itace ya yi tsada, ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya, randa tara ta koma uku. Sannan aka shigo shekarar da aka hana sayar da giya a jihar. Ranar da sanarwar ta fito a rediyo akwai sabuwar dahuwa cike da Ta-Zuru, ta tashi ke nan. Mama Tani ba ta yi gardama da kowa ba, ba ta kuma jira an zo mata ba. Ta kashe murhu, ta jingine bencina, ta ja ƙofar ɗakin randuna. Unguwa ta yi tsit. Mutane suka yi hamdala, ni ma na yi, don an daina yi mini gori a makaranta. Amma in na je ɗiban ruwa sai in hango ta ta hujin zana, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hannu a gwiwa, tana kallon murhun da ba wuta. Bayan kamar wata biyu ɗanta da ke koyarwa a can ƙasarsu ya aiko cewa zai zo da mota ya ɗauke ta, gidan kuma an yi cinikinsa.

A cikin waɗannan makonni ne na yi abin da na yi. Wata kazar Inna ta daina ƙwai a gida, na bi sawunta na gano ta kwata take bi. Ranar wata Lahadi, Mama Tani ta tafi coci, ba kowa a bakin rijiya, na ɗaga zana na shiga. Ƙofar ɗakin randuna a sakaye kawai take. Na sami ƙwai shida a bayan Ta-Zuru na ƙulle a ɗankwali. Da na tsaya a nan da babu labari. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, karambanina ne: na yi ɗage na ɗaga faifan da ke bakinta. Ba kumfa, ba raɗar nan, sai wata farar yana kwance a sama da ƙananan ƙudaje, da wani tsami da ya doki hancina har hawaye. Na tsoma yatsa na lasa. Wayyo! Haƙorana suka mutu nan take, tsamiyar da ta kwana a jiƙe albarka. Na fito a guje. Sai a hanya abin ya faɗo mini: a Islamiyya an gaya mana wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da sallata ina share hawaye, kowace safiya in ja layi ɗaya da gawayi a bayan akurkin kaji. Ranar da amalanke ya tsaya a ƙofarmu layi goma sha bakwai ne a wurin.

Da la'asar ɗin Larabar, Baffa Buhari, ƙanen mahaifina, ya dawo daga shagonsa na yadi ya ga randar a gindin dogonyaro. Mutumin kirki ne, amma kamar ashana yake, kuma tun a masallaci an cika masa kunne. Ya shigo yana huci. "Wagga randa ba ta kwana ƙohwar gidan ga! Mi za mu ce ma mutane?" Har ya ɗauko taɓarya. Malam ya ce ya ajiye, a ba shi zuwa Juma'a ya duba; in babu hanya, a fasa ta bayan an sauko daga masallaci. Mayarwa ba ta taso ba, kowa ya san mayar da kyautar bankwana ya fi mari ciwo. Inna na tsaye a ƙofar madafa. Ban taɓa jin ta roƙi Malam wani abu a gaban mutane ba sai ranar. Ta ce, "Malam, in hwasa ta za a yi, a bari Tani ta bar gari. Katanga guda ta tsakaninmu, za ta jiya." Malam ya ce shi ba ya karɓar kyauta da fuska biyu, a yi godiya yau a fasa gobe bayan mai ita ta juya baya. In ta halatta ta shigo, in ba ta halatta ba Tani ta sani tana nan. Yammacin nan Inna ba ta hau turmi ba. Ina ji Mama Tani ta yi gyaran murya sau biyu a bayan katanga, Inna ta shige ɗaki ta bar tuwonta ko taɓawa ba ta yi ba.

Ranar Alhamis ba Islamiyya, sai na ƙudura zan ceci randar da kaina. Na tuna an koya mana kwanon da kare ya lasa sau bakwai ake wanke shi. Na ce to, giya ta fi kare ne? Ina dawowa daga makaranta na kwaso toka da soson buhu, na shiga jigilar ruwa. In zuba, in taka kujera in zura rabin jikina ciki in goge, in kwashe da ƙoƙo, in sake. Yaran lungu suka kewaye ni suna ƙirga mini. A na biyar fatar yatsuna ta saluɓe, a na bakwai ko hannu ba na iya ɗagawa. Malam ya fito zai tafi la'asar, Baffa na bayansa, ya tsaya yana kallona, jiƙe sharkaf, toka har gira. Ya tambaye ni, na faɗa masa hujjata da ƙarfin gwiwa. Sai ya yi murmushi. "Lubabatu, wanga hukuncin kare na. Randa ƙasa ta, tana shan abin da anka zuba mata har cikin jikinta. Ko sau ɗari kinka wanke, sama-sama ɗai kinka yi." Ya juya wurin Baffa ya ce tun jiya yake duba littattafai, ƙofa ɗaya kawai ya gani: da a ce giyar ta zauna a ciki har ta juye da kanta ta zama ruwan kal, wato tsamin da maye ya fita daga cikinsa, to da ta tsarkaka, randar ma ta bi ta ta tsarkaka. "Amma wa ka barin giya ta lalace? Mai saida ta ba ya bari ta kwana ukku." Suka wuce masallaci suka bar ni da soso a hannu.

Kun ga inda na shiga. Duk gidanmu ni kaɗai na san abin da ya zauna a randar nan kafin a juye ta, kuma hanyar da na bi na sani ita ce hanyar bulalar Baffa. Ba ma bulalar ba, kunyar: jikar Malam ta tsallake zana, ta shiga ɗakin giya, ta lasa. Na ce a raina in ja bakina, randa ce, ƙasa ce, a fasa mana. Amma da safiyar Juma'a na fito shara na ga Inna a tsugunne kusa da turminta. Ba ta hau ba, ta dafa katangar da tafin hannu kawai, ta daɗe a haka. Na yar da tsintsiyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sami Malam a zaure yana shan kunu, na durƙusa, na fara daga kaza. Ban rage komai ba, da yanar, da ƙudajen, da yatsan, har layukan gawayi. Kafin in gama majina da hawaye sun haɗu. Ya ajiye ludayi. Bai yi salati ba, bai kira Baffa ba. Tambaya ya shiga yi mini kamar a gaban alƙali. Akwai kumfa? Da na lasa me na ji? Kaina ya juya? Sannan ya ce maganar yarinya ɗaya ba ta isa a gina hukunci a kanta ba, in miƙo masa takalmansa.

Ranar ban je makaranta ba, ba kuma wanda ya tuna. Malam a gaba da sandarsa, ni a baya, muka zagaya ta gaban masallaci da mai shayi da injin niƙa, hanyar da randar ta biyo. Mai shayi ya tsaya da buta a sama yana binmu da ido. Malam ya tsaya a ƙofar da bai taɓa tsayawa ba, ya yi sallama. Mama Tani ta fito da ɗaurin ƙirji, igiyar ɗaure kaya a hannunta, ta gan shi ta rasa inda za ta sa kanta. Ya gaishe ta, ya yi mata sannu da shiri, sannan ya ce tambaya biyu ta kawo shi, kuma gaskiya yake so. Ta ce, "Malam, shekara talatin ban taɓa yi maka ƙarya ba, tunda ba mu taɓa magana ba. Ba yau zan fara ba." Na ga gemunsa ya motsa. Ya tambaye ta dahuwar ƙarshe, me ta zama. Ta ce sayarwa ta haramta, zubarwa kuma ta gagare ta, guminta ne na ƙarshe, sai ta bar ta a ciki har ta mutu ta zama tsami. Sai shekaranjiya ta juye. Ya ce bayan nan an ƙara zuba sabuwa? Ta matsa gefe ta nuna masa murhu, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Ta shiga ta fito da wata kwalba da ta ɗura ta ajiye don goge tsatsar tukwane. Malam ya karɓa, ya daɗe yana shinshinawa, ya ɗaga ta sama ya duba. Sannan ya ɗiga a yatsa ya kai harshe, daidai yadda na yi. Ya yamutsa fuska ya ce, "Kal na."

Baffa da kansa ya kama wuyan randar, shi da wasu samari biyu. Malam ya buɗe masa wurin a littafi ya ɗora yatsa a kan layin, Baffa kuwa duk zafinsa ba ya jayayya da layi. Aka kafa ta a kan yashi a inuwar rumfa, kusa da ɗakin Inna. Malam ya ce a cika ta daga rijiyar mai ita. Ni na yi jigilar da yatsuna masu ciwo, wallahi ban ji komai ba. Da ta cika ya ce Inna ta kira maƙwabciyarta, ba ta katanga ba, ta ƙofa. Sai da Inna ta je da kanta ta riƙo hannunta. Mama Tani ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta ratsa zauren a sunkuye. Malam ya ɗebi ruwan a moɗa, ya yi bisimilla, ya sha a gaban kowa, ya ce, "Da sauran tsami, alwala sai ya gama hita. Amma sha, halas na." Ya miƙa wa Inna, Inna ta sha ta miƙa wa Mama Tani. Matar nan da ke wurgo ƙato waje da hannu ɗaya ta riƙe moɗa da hannu biyu tana kuka. Inna na cewa, "To mi na na kuka, Tani? Sha mana," alhali ita ma fuskarta a jiƙe take. Ni kuwa Malam ya kira ni gefe ya ce in je in goge layukana, abin da na lasa ba giya ba ce, sallata tana nan. Tsallake zana kuwa tsakanina da Inna. Da yamma Inna ta ja kunnena, ja ɗaya, ba zafi, ta ce ashe shi ya sa nake ta laɓewa a bayan akurki kamar mai jiran ƙwai.

Ranar Asabar da hantsi mota ta zo. Inna ba ta sake ganin Mama Tani ba. Gaisuwa ta yi ta zuwa ta bakin direbobi na 'yan shekaru, sannan aka aiko da rasuwarta. Inna ta hana a ɗaga turmin da ke gindin katanga har ita ma ta tafi, Allah Ya jiƙan ta. Yau gidan burkutun jerin shaguna ne, da mai cajin waya, da tela, da mai ruwan leda, an rufe rijiyar da kankare an ɗora janareta a kai. Yaran unguwar ba su san an taɓa dafa wani abu a wurin ba, in na faɗa sai su ɗauka zolaya ce. An ja katangar da bulo ta yi tsawon da ko turmi uku ka hau ba ka ganin maƙwabci, ban ma san sunan masu shagunan ba. Malam ya rasu, Baffa Buhari ne a zauren yanzu, furfura ta sanyaya shi. Randar tana nan inda aka kafa ta. Tsamin ya fita tun kafin daminar shekarar ta ƙare, ruwanta ya zama mafi sanyi a lungun, har da azumi ake aiko yara da kwanoni. Ta yi 'yar tsaga a wuya, Baffan da ya ɗauko mata taɓarya shi ya ɗaure ta da waya, kuma ba ya yarda yaro ya jingina da ita. 'Ya'yana in mun je sun fi son na firij. Ni kam sai na ɗaga faifan na ɗiba da moɗa, in sha a wurin ina kallon inda turmin yake a da. Har yau, kafin in haɗiye, harshena yana neman ɗan tsamin nan, ba ya samu.